Abin da Ke Sa Ɗan Firamare Son Turanci

Yau maganar 'yan firamare ce, da darasin da ya fi kowanne sa iyaye yin tagumi, wato Turanci.

A kowane gari na ƙasar Hausa akwai yaron da zai jero sunayen 'yan wasan Arsenal ko Real Madrid ba gargada, sunaye masu karya harshe, na Faransawa da Sifaniyawa da mutanen Brazil. Akwai yarinyar da ta haddace waƙar fim ɗin Indiya daga farko har ƙarshe, alhali ba wanda ya taɓa zaunar da ita ya koya mata kalma ɗaya ta Indiyanci. Su ɗin ne kuma in an shiga darasin Turanci sai su sunkuyar da kai. Malam ya yi tambaya, aji ya yi tsit, ƙarshen zango ya zo a rubuta musu a katin sakamako cewa ba su da ƙoƙari. Ƙwaƙwalwar dai ita ce, ba a musanya ta a ƙofar makaranta ba. So ne ya rako yaron gidan kallon ƙwallo, ya kuma ƙi rako shi aji.

Babba ba ya bukatar a gaya masa amfanin Turanci. Duk uban da ɗansa ya taɓa zana jarrabawar WAEC ko NECO ya san in babu kiredit a Turanci, ko yaro ya cinye sauran darussa kaf, ƙofar jami'a a rufe take. A jarrabawar JAMB ɗalibi yakan zaɓi darussa uku daidai da abin da yake son karantawa, amma na huɗun babu zaɓi, Turanci ne. Takardar asibiti, fam ɗin banki, saƙon da kamfanin waya ke turowa, rubutun jikin kwalin magani, kusan duk da shi ake yin su. Shi ya sa uba zai kira ɗansa ɗan aji biyu ya ce, "Ka dage da Turanci, da shi za ka zama likita." Gaskiya ya faɗa, sai dai maganar ta yi wa yaron nisa. Ɗan shekara bakwai bai san abin da ake kira shekara goma sha biyar masu zuwa ba. Abin da ya sani shi ne yau malam ya yi masa murmushi, ko ya daka masa tsawa.

Ga kuma wani abu da ba kasafai ake lura da shi ba. A takarda, Turanci harshen hukuma ne a Najeriya. A kunnen yaron Ringim ko Dutsin-Ma ko Illela kuwa baƙo ne tsantsa, wanda yake ji minti talatin ko arba'in a rana, sannan ya koma gida. Takwaransa na Warri ko Fatakwal tun yana goye yake jin buroka a tsakar gida da bakin titi, saboda haka ya zo makaranta da rabin aikin a hannu. Yaron Kano ba abin da ke tilasta masa. Da Hausa zai yi ciniki a Kurmi, da ita zai kalli fim ɗin Kannywood, da ita babansa ke jin labarin duniya a BBC, wadda ta buɗe sashen Hausa tun 1957. Da ita mutum zai tashi daga Zariya ya ratsa Maraɗi ya kai Agadas, ko ya sauka zangon Kumasi, bai rasa mai ba shi masauki ba. Girman Hausa abin alfahari ne, amma shi ne kuma ya sa titi ba ya koya wa yaranmu kwaɗayin Turanci. A ƙetaren iyaka, a Nijar, abin ya fi haka: Faransanci ne harshen makarantar boko tun zamanin mulkin mallaka, Ingilishi kuwa sai an shiga sakandare ake fara shi a makarantun gwamnati, ko da yake kundin tsarin mulkin da aka amince da shi a watan Maris na 2025 ya ɗaga Hausa zuwa harshen ƙasa, ya ajiye Ingilishi da Faransanci a matsayin harsunan aiki. Inda titi bai haifar da sha'awa ba, nauyin ya faɗo kan aji gaba ɗaya.

Wata malama 'yar ƙasar Hungary mai suna Marianne Nikolov ta bi diddigin wannan lamari da haƙurin da ba kowa ke da irinsa ba. A birnin Pécs, tsakanin 1977 da 1995, ta koyar da rukuni uku na yara Turanci, kowane rukuni tun suna 'yan shekara 6 har suka kai 14, tana kuma tambayarsu lokaci-lokaci dalilin da ya sa suke koyon harshen. Ƙasarsu a wancan zamani ba a jin Turanci a kasuwa ko a gida. Amsar ƙananan ba ta wuce bangon aji: ana wasa, darasin na da daɗi, suna son malamar. Wani yaro ma cewa ya yi yana koyo ne saboda malamar gajeriya ce, amsar da ta ba ta dariya har ta sa ta a kan rahoton da ta buga a 1999. Abin dariya ne, amma ya nuna inda hankalin yaro yake, wato kan mutumin da ke tsaye a gabansa. Sai da yaran suka haura shekara 11 maganar amfanin harshen a rayuwa ta fara fitowa sosai a bakinsu, kuma ko a lokacin abin da ke gudana a cikin aji bai daina juya su ba.

Ingila ma ta yi nata gwajin. A 1964 aka fara koya wa 'yan shekara 8 Faransanci a zaɓaɓɓun makarantu, aka ɗora wa wata mai bincike, Clare Burstall, aikin bin dubban yaran har zuwa 1974. Cikin abubuwan da ta gano akwai wanda ya kamata kowane malami ya riƙe. Mutane sun ɗauka sai yaro ya so darasi sannan zai ci. Ita kuwa ta tarar cin da yaro ya yi da farko shi ya fi haifar da son da zai yi wa darasin daga baya. Wanda ya ɗanɗana nasara a shekarar farko ya ci gaba da marmari, wanda ya fara da faɗuwa ya yanke wa kansa hukunci cewa abin ba nasa ba ne, kuma da wuya ya janye hukuncin.

To, sai a leƙa aji uku a makarantar gwamnati irin wadda kowa ya sani, a ga ko akwai inda yaro zai ɗanɗani wannan nasara. Yara sun haura tamanin, na gaba a kan benci, na baya a kan tabarma ko a ƙasa. Malam ya shigo, monita ya buga tebur, aji ya miƙe da murya ɗaya: "Gud monin sa!" Malam ya juya ya cika allo da rubutu daga littafin da shi kaɗai ke da shi. Ya karanta layin farko, yara suka amsa. Ya maimaita, suka maimaita, har wanda ke wucewa ta bayan taga ya ce lallai ana karatu a makarantar nan. Sannan aka ce kowa ya kwafa. Masu littafi da fensir suka duƙufa suna zana haruffa ɗaya bayan ɗaya, marasa shi suka zuba ido. Aka kaɗa ƙararrawa. Da za a ja yaro ɗaya gefe a ce, "Abin da kuka rera ɗazu, me yake nufi?" sai dai ya ɗaga kafaɗa. Minti arba'in ya yi yana aiki da bakinsa da hannunsa, amma bai fita da ko kalma ɗaya da zai kai gida ya ce tasa ce ba.

Laifin ba na hadda ba ne. Yaranmu gwanayen hadda ne, kuma makarantar allo ta tabbatar da haka tun ƙarni da yawa. Sai dai a dubi abin da ke kewaye da haddar can. Yaro na ganin tafiyarsa da idonsa: ya iya, ya biya wa malam, an ce ya wanke allo, an ɗora masa gaba. Ya san surar da yake, ya san wadda yayansa yake, ya san ranar da ya kai wani mataki za a yi sadaka a gida, ranar sauka kuwa unguwa za ta taru. Kakarsa na tambayarsa inda ya tsaya. Duk wanda yake ganin girmansa yana girmama abin da yake koyo. A darasin Turanci babu ko ɗaya daga cikin waɗannan. Yau kamar jiya, ba allon da ake wankewa, ba mai tambaya a gida, sai jarrabawar ƙarshen zango da za ta zo ta gaya masa ya faɗi.

A kwatanta da wata malama, a makaranta irin waccan, da yawan yara irin wancan, wadda ta shigo da bokiti a hannu. A cikinsa akwai kofi da fensir da gutsuren burodi da ƙaramar motar wasa. Ta ɗaga kofin ta tambaya da Hausa, "Mene ne wannan?" Aji ya ɗauka. Ta faɗi sunansa da Turanci, yara suka ji kusan abu ɗaya ne. Ta yi haka da bokitin, da fensirin, da bencin da suke zaune a kai, da teburinta. Sannan ta ce musu, "Ashe kun daɗe kuna Turanci ba ku gaya mini ba." Dariya ta ɓarke. Daga nan ta fara ba da umarni da Turanci tana yi da jikinta: ta ce a tashi ta tashi, ta ce a zauna ta zauna, a taɓa kai, a taɓa hanci, a nuna ƙofa. Bayan 'yan mintoci ta daina motsi, ta bar muryarta kawai, yara suka ci gaba da yi daidai. Ta kira wata yarinya daga layin baya, irin waɗanda ba a taɓa jin muryarsu ba, ta ce yau ke ce malama. Yarinyar ta faɗi kalma biyu a hankali, mutum tamanin suka miƙe tsaye saboda maganarta. Da yamma ƙanenta ne zai sha umarni a tsakar gida.

Wannan dabara ta sa jiki ya amsa kafin baki, wani masanin halayyar ɗan Adam ɗan Amurka, James Asher, ya tsara ta a shekarun 1960. Ba ta cin ko kwabo. Abin da take bayarwa shi ne abin da Burstall ta gano: yaro ya ji baƙon harshe, ya gane, ya yi daidai, kowa ya gani.

Sai dai wasa da waƙa ba za su ɗauki yaro har aji shida ba. Dole a zo ga karatu, kuma a nan ne gizo ke saƙar. Rahoton da Bankin Duniya da abokan aikinsa suka fitar a 2022 ya ƙiyasta cewa a ƙasashen Afirka kudu da Sahara kusan yara 9 cikin 10 ba sa iya karanta gajeren labari su gane shi a shekara 10. Gwaje-gwajen karatu da aka yi a jihohin Sakkwato da Bauchi a farkon shekarun 2010 sun nuna mafi yawan 'yan aji biyu ba sa iya karanta ko kalma ɗaya, da Hausar da suke yi kullum ma. Yaron da bai gane cewa harafi na wakiltar sauti ba, in aka aza masa littafin Turanci an haɗa masa kaya biyu a lokaci guda: koyon karatu da koyon harshe. Ga shi rubutun Turanci ba ya bin ƙa'ida ɗaya, harafi guda na iya fita da sauti uku ko huɗu. Rubutun Hausa kuwa kusan yadda aka rubuta haka ake faɗa, shi ya sa yaro ke saurin kama shi in an koya masa da tsari. Wannan tunani ne ya haifar da littattafan Mu Karanta a Bauchi da Sakkwato ƙarƙashin shirin NEI Plus da aka fara a 2015, da shirin RANA a Katsina da Zamfara. A fara buɗe wa yaro karatu da harshen da yake mafarki da shi, Turanci na biye a matsayin darasi, da baki tukuna sannan da rubutu.

Ba sabon ra'ayi ba ne a ƙasar nan. A 1970 Farfesa Babs Fafunwa na Jami'ar Ife ya jagoranci wani gwaji da ya shahara a duniya. An koyar da wasu yara dukkan darussa da Yarabanci tsawon shekara shida na firamare, Turanci kuwa aka ba shi lokacinsa a matsayin darasi. Da aka gwada su da takwarorinsu da suka koma karatu da Turanci tun tsakiyar firamare, 'yan Yarabancin ba su gaza ba, har a Turancin kansa, a darussa da dama ma sun yi gaba. Akwai wani ɓangare na labarin da masu kafa hujja da shi kan tsallake: a ajin gwajin na farko, malami ƙwararre aka ware musamman don Turanci, aka kuma rubuta sababbin littattafai. Harshen uwa ya share fage, amma sai da aka sami mai shuka.

Manufar gwamnati ta sha juyawa a kan wannan. Manufar ilimi ta ƙasa ta 1977 ta ce a koyar da harshen uwa ko harshen yankin a farkon firamare, daga baya a koma Turanci. A ƙarshen 2022, zamanin Malam Adamu Adamu yana ministan ilimi, aka amince a tsawaita harshen uwa zuwa shekara shida. A watan Nuwamba na 2025 minista Tunji Alausa ya ba da sanarwar soke wannan, a koma Turanci daga tushe, yana kafa hujja da yawan faɗuwa jarrabawa, masana harshe da yawa kuma suka ce manufar da aka soke ba a ma kai ga aiwatar da ita yadda ya kamata ba. Muhawara ce da za a daɗe ana yi. Amma duk abin da takardar Abuja ta ce, malamin da ke tsaye gaban 'yan shekara shida a ƙauye ya san in ya yi minti arba'in yana magana ba wanda ya gane shi, ya yi asarar ranar. Jimla biyu ta Hausa da za ta buɗe ma'ana ba ta rage wa Turanci komai.

Abin da ke rage masa, har ya kashe shi a zuciyar yaro, kunya ce. Makarantu da yawa, musamman masu zaman kansu, har gobe suna da dokar hana yin Hausa. Monita na riƙe da takarda yana rubuta sunan duk wanda bakinsa ya suɓuce, a ci shi tara ko a yi masa bulala. Masu dokar na ganin ta haka yara za su saba. Abin da yaro ke koya shi ne yin shiru, tunda Hausa laifi ce, Turancin kuma babu shi. Ya koyi cewa harshen da mahaifiyarsa ke yi masa addu'a da shi abin hukunci ne, kuma baƙon harshen nan shi ya jawo masa. Yaya za a yi ya so shi?

Haka batun lafazi. Hausa ba ta raba sautin p da f, ba ta da v, ba ta kuma saba jera baƙaƙe uku ba wasali a tsakani, shi ya sa Bahaushe ke cusa wasali inda Bature bai sa ba. Kowace al'umma da irin nata: Bayarabe na fama da h, Bajapane na fama da r da l, Bafaranshe na da nasa. Abu ne da ake gyarawa da motsa leɓe da maimaitawa, har ana iya mai da shi wasa, a riƙe 'yar takarda gaban baki a ga wane sauti ne ke kaɗa ta. Amma in yaro ya yi ƙarfin hali ya ɗaga hannu, ya faɗi kalma ta karkace, aji ya kwashe da dariya, malam ma ya taya su, an gama da shi. Gobe zai ce da muguwar rawa gwamma ƙin tashi, kuma harshe ba ya zama a bakin da ba ya motsi. 'Yan mata abin ya fi yi musu illa, don tun a gida an hore su da kawaici, dariya ɗaya ta isa ta rufe bakin yarinya zango guda.

Malamin ma a tausaya masa. A 2017 gwamnatin Kaduna ta yi wa malaman firamare kimanin 33,000 jarrabawa irin ta 'yan aji huɗu, aka ce 21,780 ba su kai makin da aka yanka ba. An yi ta ce-ce-ku-ce kan yadda aka shirya jarrabawar da korar da ta biyo baya, amma ba wanda ya musa cewa akwai matsala. Malami da yawa shi ma a irin ajin nan na kwafa da rerawa ya taso, ya sami takardar NCE bai taɓa sakin baki da Turanci ba. Wanda ke tsoron a kama shi da kuskure ba zai bar yara su yi tambaya ba, zai fake da allo da bulala. Maganinsa horo ne na kusa, a kai a kai, da littafin jagora mai nuna masa darasin yau dalla-dalla, da albashi a kan lokaci. Malamin da Turancinsa matsakaici ne amma ya saki fuska, yana shirya darasinsa, ya fi amfani ga ɗan aji biyu a kan mai zuba Turanci wanda yara ke rawar jiki in sun hango shi.

Wasu iyaye da malamai sukan ce to a saye yaran da alewa da kyauta. A yi hattara. A 1973 wasu masana a Jami'ar Stanford, Mark Lepper da abokan aikinsa, suka ɗauki ƙananan yara masu son zane da kansu, suka yi wa wasu alkawarin takardar yabo in sun yi zane, wasu kuma ba a yi musu alkawarin komai ba. Bayan kwanaki aka ajiye alƙaluman zanen ba tare da maganar kyauta ba. Waɗanda aka yi wa alkawari a baya suka rage taɓa su sosai, sauran suka ci gaba kamar da. Abin da yaro ke yi don daɗi ya koma aikin lada, da lada ta tsaya aiki ya tsaya. Kyautar na ɗaya da na biyu da na uku ma mutum uku take zaburarwa, saba'in da bakwai sun riga sun san ba su ciki. Yabon da ya ambaci abin da yaro ya yi, "Jiya ba ka iya wannan kalmar ba, yau ga shi ka karanta ta kai kaɗai," ya fi biskit nisa, kuma kowa a aji na iya samunsa.

A birane yanzu gaggawa ake yi. Ana kai yaro makarantar kuɗi tun yana shekara biyu, a hana shi Hausa har a gida, ana cewa icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Binciken da Carmen Muñoz ta jagoranta a Barcelona, wanda aka buga a 2006, ya kwatanta yaran da suka fara Turanci a makaranta da shekara 8 da waɗanda suka fara da 11. Bayan awoyin darasi iri ɗaya, waɗanda suka fara a makare sun fi saurin ɗauka. Ƙaramin yaro yana tsotse harshe ne in yana nutse a cikinsa dare da rana, ba a 'yan awoyin mako ba. Ribar farawa da wuri ita ce kunne ya saba, tsoro ya fita, so ya kafu. In aka fara da wuri aka kuma fara da tsawa, an yi asarar ribar tun kafin a kai ga uwar kuɗi.

Tarihin Arewa ma na da abin faɗa. Abubakar Tafawa Ɓalewa, wanda Turancinsa ya sa aka yi masa laƙabi da mai muryar zinariya, wanda ya tsaya gaban Majalisar Ɗinkin Duniya a 1960 da majalisar dokokin Amurka a 1961, daga makarantar allo ya fara, ya yi elementare a zamanin da Hausa ce harshen koyarwa a can, sannan ya goge Turancinsa a Kwalejin Katsina, inda aka ba furuci muhimmanci ƙwarai. Shi ne kuma ya rubuta Shaihu Umar da Hausa. Abubakar Imam daga wannan kwaleji ya fito, ya koyar, ya zama editan Gaskiya Ta Fi Kwabo a 1939. An san su 'yan kaɗan ne zaɓaɓɓu, ajinsu ba cunkoso, malamansu ƙwararru. Duk da haka labarinsu ya isa ya kwantar da hankalin uban da ke tsoron Hausa za ta ɓata wa ɗansa Turanci, da kuma wanda ke tsoron Turanci zai raba ɗansa da addini da al'ada. Yaro na jin wannan tsoro na biyu ko ba a faɗa masa ba. In a zaure ana zagin boko da daddare, da safe a ce masa ya tafi ya dage, zai bi abin da ya ji an faɗa da zuciya.

Gida na da rawar takawa ko da babu mai jin Turanci a cikinsa. Uwar da ba ta taɓa shiga aji ba tana iya cewa, "Zo nan, ɗan albarka, koya mini abin da aka koya muku yau," ta maimaita bayansa, ta bari ya gyara mata. Yaron da ya zama malamin mahaifiyarsa gobe zai kasa kunne a aji don ya sami abin kawowa. Kwalin ashana, gwangwanin madara, ledar taliya, allon shagon mai cajin waya, duk rubutu ne kyauta, a ce ya nemo harafin da ya sani, ya karanto kalma ɗaya. Wayar da ke hannun yaya, maimakon ta ƙare a kallon barkwanci, tana iya ba ƙane minti goma na waƙar yara ko ɗan labari da Turanci mai sauƙi. Sannan a tsawatar wa yayye da samarin ƙofar gida masu cewa "Ga Bature nan ya iso" ko "Iyayi ke nan" duk lokacin da yaro ya gwada jimla. Uba kuma, ranar da ya sami sarari, ya taka zuwa makarantar, ya gaisa da hedimasta, ya nemi izini ya tsaya bakin taga ya ga ko ɗansa na buɗe baki a darasin Turanci, ko kwafa kawai yake yi. In ya tarar da takardar monita ta masu yin Hausa, ya tayar da maganar a taron iyaye da malamai.